Katifar Mama

Ƙarfe shida saura kwata Amarya ta tura ƙofar ɗakin Mama da gwiwar hannu, domin hannuwanta a cike suke: bokiti a dama, wankakken zanin gado a hagu, ga wata farar kwalbar roba mai bakin feshi a hammata.

"Mama, ina kwana? An tashi lafiya?"

Mama ta juyar da fuskarta bango, wannan kuwa ita ce amsar. Ranar da gadon ya kwana a bushe, ita ke riga surukarta gaisuwa, har da tsokana. Ranar da bai kwana a bushe ba, sai shiru.

Amarya ta mayar da ƙofa ta sa sakata. Ta tallafi tsohuwar ta ɓangaren hagu, wanda ya shanye tun bara, ta zaunar da ita a kujerar roba, ta goge mata jiki, ta sauya mata riga. Duk wannan ba wadda ta kalli idon wata. Sannan ta yaye zanin gado, ta danna tsohon tawul a kan katifar har ya tsotse abin da zai iya tsotsa. Ta ɗauko kwalbar ta yi ta fesawa sai da wurin ya jiƙe har ciki. Ta jiƙa wani tawul da ruwan sanyi, ta matse, ta shimfiɗa a kai.

"Shi ke nan. A bar shi haka har la'asar, kada ya bushe da wuri. Ke kuma ki huta a doguwar kujera."

"Wannan ruwan naki ko ƙanshi ba ya yi," in ji Mama, bakinta a ɗan karkace. "Shekara talatin da biyu ina aikin asibiti, ban taɓa ganin an kashe wari da abin da ba ya hawa kai ba."

"Ba kashe shi yake yi ba, Mama, cinye shi yake. Enzayim ne a ciki. A hankali yake narkar da abin da ke kawo warin har ya ƙare. Ba ya cin hannu, ba ya cin ƙirji. Sai dai ba ya son gaggawa, ba ya son ruwan zafi, ba ya son bilic ɗin wanki."

"Ashe ɗan gata ne."

Amarya ta yi dariya. Ita ce kaɗai dariyarta ta ranar, ta kuma san haka.

Wata huɗu ke nan suna wannan aiki su biyu. Ranar da abin ya fara faruwa, Mama, wadda ta yi ritaya tana shugabar nas-nas, wadda a da ko takun takalminta aka ji sai a gyara tsayuwa, ta riƙe hannun surukarta da hannunta mai lafiya.

"Ki yi min alkawari. Idan 'ya'yana suka ji, gara a ce musu na mutu."

Amarya ta yi alkawari. Ta kawo shawarar ledar katifa, Mama ta ce leda tana ƙara, kowa zai gane. Ta kawo shawarar ƙunzugun manya, Mama ta kwana biyu ba ta yi mata magana ba. Matar da ta shimfiɗa wa dubban marasa lafiya leda ta ƙi kwanciya a kan guda ɗaya. Abin da ya rage wa Amarya shi ne abin da ta sani daga wurin aikinta.

A ɗakin wankin wani babban otel take aiki. A can ma suka haɗu da mijinta, Injiniya, ranar da ya sauko da kansa yana faɗa a kan wata farar riga da man inji ya ɓata, ya koma sama da riga fes da lambar waya. Shekara uku ke nan da aurensu, amma har yanzu Amarya ake kiranta a gidan, don ba wanda ya damu ya sauya. Injiniya ƙarafan sabis na waya yake hawa, sati biyu a hanya, kwana huɗu a gida. Idan ba ya nan, gidan sai ita, sai Mama, sai wata kyanwa mai ruwan toka da ta zo da ita daga gidan iyayenta.

Sai kuma Yaya.

Yaya ita ce babbar 'yar Mama. Layi uku ne tsakanin gidan aurenta da nan, kuma kullum ƙarfe goma, bayan Amarya ta tafi aiki, takan zo ta zauna da mahaifiyarta. Ba muguwa ba ce. Mace ce da ta tashi a hannun shugabar nas-nas, ta kuma yi imani cewa tsabta abu ne da ake ji a hanci yana yaji.

Ranar nan ma tana shiga ta ja numfashi, ta yamutsa fuska, ta ɗaga tawul ɗin da yatsu biyu.

"Innalillahi! Katifa jagab! Mama, yarinyar nan kashe ki za ta yi? Ta jiƙa gado ta lulluɓe shi kamar mai ajiyar tsami, ta kama gabanta!"

"Ki bar shi," in ji Mama a hankali.

"In bar me? Ke da kanki kika koya min, ruwan zafi da bilic, magana ta ƙare!"

Ta ɗora buta a wuta, ta dawo da ita tana tururi, ta tsiyaya bilic a ciki, ta kwarara a kan katifar. Wani hayaƙi mai yaji ya tashi. Mama ta fara tari, Yaya ta kunna fanka ta fesa turare, ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallon aikinta da gamsuwa. Awa biyu ɗakin yana ƙanshin asibiti. Da rana ta yi zafi, warin ya dawo, ya fi na jiya.

Haka suke yi kullum. Ɗaya ta shuka da safe, ɗaya ta tone da hantsi.

Amarya ta sha gwada magana. Wata yamma da ta dawo ta tarar da Yaya tana shirin tafiya, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Yaya, don Allah, bilic ɗin nan — yana kashe maganin da nake sawa. In da za a bar shi ya wuni..."

"Iye! Mai wankin otel za ta koya min tsabta a gidan ubana? To bari in tambaye ki, me ke jiƙa katifar tun farko?"

Amarya ta kalli ƙasa. "Ruwa ne yake zubewa."

"Ruwa? Ni za ki mayar yarinya? Wannan zarnin fitsari ne, ko makaho ya san shi!" Idonta ya faɗa kan kyanwar da ke shafa jikinta a ƙafar Amarya. "Au! Ga ta nan ashe! Ga mai aikin! Kina ɓoye laifin dabba a kan gadon uwata?"

Ƙofar ɗakin Mama a buɗe take. Amarya ta san tana ji. Ta jira, ko da tari ne. Ba abin da ya fito.

"Ki yi haƙuri, Yaya," ta ce.

Washegari da ta dawo daga aiki ba ta tarar da kyanwar ba. An saka ta a kwali an kai ta can nesa, ba a kuma sake ganinta ba. Amarya ta wanke ɗan kwanon da take zuba mata madara, ta kife shi a ƙarƙashin kanta. Daga ranar, idan ta buɗe ƙofar gida da yamma, ba abin da ke zuwa tarbarta.

Warin kuwa bai tafi ba. Tun da kyanwa ta tafi wari bai tafi ba, sai zargi ya koma kan mai kyanwar. 'Yan dubiya suka daina shiga ɗakin Mama, sai su tsaya a bakin ƙofa su yi gaisuwa a gurguje. Matan dangi idan sun zo sukan duba kofi kafin su sha ruwa. Wata ma ta ce a gabanta, cikin dariya, wai wasu matan tsabtarsu ta waje ce, ta gida sai Allah.

A wurin aiki, lokacin hutun rana, Amarya takan zauna ita kaɗai a bayan manyan injinan busarwa, inda ƙara ba ta barin kowa ya yi hira. Can shugaban sashen, wani dattijo da kowa ke kira Oga, ya same ta.

"'Yata, kwana biyu ba kya cin abinci da mutane. Lafiya?"

"Oga, tambaya gare ni. Idan an sa enzayim, wani ya zo ya bi da ruwan zafi da bilic fa?"

"To ai ya kori ma'aikatanki kafin su fara aiki. Zafin ya dafa tabon ya manne, bilic ya rufe warin na ɗan lokaci, gobe a koma gidan jiya." Ya dube ta ta saman tabarau. "Tabon me?"

Ta mayar da idonta kan injin busarwa.

"To, ba sai kin faɗa ba. Amma ki ji wannan: in fitsari ne, bilic in ya haɗu da shi hayaƙinsa yana cin ƙirji. Kada a yi shi kusa da yaro ko tsoho."

Da yamma ta zauna a gefen doguwar kujera tana shafa wa Mama mai a ƙafa. Tarin ya fara yi wa tsohuwar ƙarfi.

"Mama, ki bari in gaya wa ɗanki. Shi kaɗai. Wallahi ba zai..."

"Shi ne ma na ƙarshe!" Hawaye ya gangaro ta idon da ba ya rufuwa sosai. "Ni na wanke shi, ni na ɗaura masa ƙunzugu. Ya dube ni ya san... A'a. Kin yi alkawari."

"Na yi."

Injiniya ya dawo ranar Alhamis. Da can yana shigowa yake jefar da jaka ya ce, "Ina tawa?" Wannan karon sallama kawai ya yi. Ya leƙa ɗakin mahaifiyarsa, ya gaishe ta daga bakin ƙofa, ya fito yana shafa hanci. Ƙorafi ya same shi ta waya tun kafin ya iso gida, ya kuma riga matarsa magana.

Ta kawo masa abinci, ta zauna a gefensa. Ya ɗan matsa, kaɗan ne ƙwarai, wataƙila shi kansa bai sani ba. Ita ta sani.

"Ki gaya min gaskiya," ya ce, bai ɗago ba. "Me ke faruwa a ɗakin Mama?"

"Ina iya ƙoƙarina."

"Ba shi na tambaya ba! Mutane suna kirana, wai uwata tana kwana cikin ƙazanta. Ni! Ina can a saman ƙarfe rana tana dukana, hankalina a kwance na bar ta a hannunki. In kin gaji ki ce kin gaji. Ba dole."

"Ban gaji ba."

"To mene ne? Filis, ki yi magana mana!"

Kalma huɗu ce kacal za ta wanke ta. Ta ji su a kan harshenta, ta haɗiye.

"Ba ni da abin cewa."

Ya ture farantin. Kwana biyu a falo ya riƙa shimfiɗa.

Ranar Asabar da la'asar Yaya ta zo da mayafinta na zuwa biki, alamar maganar babba ce. Ta zauna a kujerar tsakiya, ƙaninta a gefe, Amarya a ƙasa kan darduma.

"Ba tsawaitawa zan yi ba," in ji Yaya. "An kori kyanwa, wari yana nan. Tarin Mama kullum ƙaruwa yake saboda sanyin jiƙaƙƙiyar katifa. An tambaye ta dalili, ta yi mana shiru kamar mun zo roƙo. Ta je gidansu ta huta. Ni zan tare a nan."

"Har yaushe?" Amarya ta tambaya, mijinta take kallo.

Injiniya ya kalli wayarsa da ke kashe. "Ki je tukuna. Za mu yi magana."

Kowa a falon ya san abin da tukuna take nufi.

Ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta shiga ɗaki ta haɗa kaya a ƙaramar jaka, ta tarar ashe abin da ya zama nata a gidan bai cika jakar ba. Sannan ta nufi ɗakin Mama, ta tura ƙofar, ta durƙusa kusa da kunnenta.

"Mama, zan tafi gida. Ki saurara da kyau. Na sa zannuwa huɗu a ƙarƙashin matashinki na kujera, inda hannunki na dama zai kai. Kwalbar tana bayan labule. Kada ki sha shayi bayan magariba. In abin ya faru, ki jawo zanin da sandarki, ki tura shi ƙarƙashin gado, ki ce shayi ne ya zube. Ki ce shayi, Mama, kada ki ce ruwa. Kuma duk sanda aka kawo bilic, ki ce a fitar da ke tsakar gida tukuna, don ƙirjinki."

Mama ta dube ta. An kore ta saboda sirrin wata, ga ta a durƙushe tana tsara yadda sirrin zai rayu bayanta.

"Ke kuma fa?"

"Ni lafiya ƙalau. Ki yafe min."

Ta miƙe, ta kai bakin ƙofa. Sai ta ji sanda ta daki ƙarfen gado da ƙarfi — sau ɗaya, sau biyu, sau uku.

"Ku zo nan! Ku duka biyun!"

Murya ce da ba a ji ba tun kafin ciwon, muryar da ta yi shekaru tana tsayar da ɗakin marasa lafiya cak. Yaya da Injiniya suka zo da gudu, suka tsaya a bakin ƙofa.

"Ku shigo ciki. Wata nawa kuna gaishe ni daga nan kamar mai cutar da ake ɗauka? Ku shigo!"

Suka shiga.

"Ba kyanwa ba ce. Ba yarinyar nan ba ce. Ni ce." Ta tsaya ta ja numfashi. "Fitsari nake yi a kwance. Wata huɗu. Ita ke wanke ni kullum kafin gari ya waye sosai, na kuma sa ta rantse ba za ta faɗa ba. Aka zage ta ina ji. Aka ɗauke mata dabbarta ina ji. Yau za a raba ta da mijinta, ta shigo tana koya min ƙaryar da zan yi don kada ku gane."

Yaya ta dafe bango. "Mama... to ai ni kullum ina wankewa..."

"Kullum kina ɓatawa! Ba laifinki ba ne ke kaɗai, ni na koya miki. Abin da na sani ke nan a zamanina. Ta gaya miki, kika ce mai wankin otel. Tarin nan da kike ji, naki ne, ba nata ba." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma, ita ba ta yi magana ba don alkawari. Kai me ya hana ka ɗaga zanin gadon uwarka ka duba?"

Injiniya ya zube a gefen gadon, a kan katifar da kowa ke gudu, ya kifa kansa a cinyar mahaifiyarsa. Ta ɗora masa hannunta mai lafiya.

"Ba ni za ka ba haƙuri ba. Ku nemo min ledar katifa, da sauran abin da ta ce. Na gama jin kunyar da wata ke biya min."

A tsakar gida Injiniya ya sami Amarya, jakar tana nan a hannunta.

"Ajiye mana."

"Ka ce in je tukuna."

"Na ce. Sori — a'a, sori ba ta isa ba." Ya karɓi jakar, ta sakar masa ba da sauri ba. "Me ya sa ba ki ko yi min alama ba?"

"Ban so ka yarda da ni don na kawo hujja ba. Na so ka ce, na san matata, ko ban gane ba." Sai a lokacin muryarta ta karye. "Kullum in na dawo gidan nan ba mai ce min sannu. Kai nake jira. Ka zo, ka matsa."

Bai kare kansa ba. Ya tsaya ta yi kukanta har ta gama, a kafaɗarsa.

Washegari da safe su biyu suka fitar da katifar inuwa. Ta nuna masa yadda ake ɗauraye ragowar bilic da ruwan sanyi tukuna, sau uku, sannan a fesa maganin har ya ratsa, a rufe da jiƙaƙƙen tawul.

"Sai me kuma?" ya tambaya yana naɗe hannun riga.

"Sai ka zauna."

"Haka kawai?"

"Haka kawai. Shi ne wurin da kowa ke faɗuwa."

Ya zauna a kan dakali, ta zauna kusa da shi. Sun daɗe ba su sami awa shida a jere ba tare da wani ya tashi ba. Sai da aka maimaita aikin kwana uku kafin katifar ta saki warinta gaba ɗaya. Tarin Mama ya lafa cikin sati.

Yawancin ɓarnar da ake yi a gidaje ba mugaye ke yin ta ba. Masu gaggawa ne, waɗanda ke ganin duk wanda ya yi shiru mai laifi ne, duk wanda ya zauna yana jira malalaci ne. Kafin ka yanke wa mutum hukunci, ka shiga ɗakin ka duba da idonka. Wanda kuma ya riƙe amana har ta ci masa mutunci, kada ya ɗauka ya yi asara: gaskiya takan daɗe tana aiki a ɓoye, amma tana gamawa.

Ranar Laraba, Amarya tana saka takalmi za ta tafi aiki, sai ga Yaya tun ƙarfe bakwai, awa uku kafin lokacinta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

"Ƙanwata," ta ce, idonta a kan takalman, "na ce bari in zo da wuri in ga yadda kike yi. Awa nawa ma kika ce ake barinsa?"